Shahon da Sammani Ya Rena a Rumbu

A shekarun nan da fari ya yi ta bin fari, lokacin da garin kwaki ya zama abincin manya, tafasa da rama suka tashi daga kwaɗon marmari suka koma tuwon dare, an yi wani magidanci a Kukar Mani, wani ƙauye da ke gabas da Minjibir, ana ce masa Sammani. Gonarsa ta fi ta kowa ƙanƙanta a garin, bakinsa kuwa ya fi na kowa faɗi. Iyakar tafiyarsa a duniya Dawanau ce, can ma dakon buhu ya kai shi rani guda. Amma in ya miƙe ƙafa a gindin darbejiya ya fara ba da labari, sai ka rantse da shi aka zuba yashin Sahara.

Bara, ɗan abin da fari ya rage a gonaki, tsuntsayen jan-baki suka sauko kamar hayaƙi suka ƙarasa shi. Don haka ruwan farko na sauka, mai unguwa Malam Sama'ilu ya tara magidanta a ƙofar gidansa.

"Jama'a, ɗan irin da muka ɓoye shi za mu zuba a ƙasa," in ji shi. "In tsuntsayen nan suka sake yi mana irin ta bara, sai dai mu ɗaure tabarmi mu bi hanyar birni. Wa ke da shawara?"

Wani ya ce a ja igiyoyi a rataya gwangwanaye. Wani ya ce a kafa mutum-mutumi. Sammani ya ƙyalƙyale da dariya har da buga cinya.

"Ranka ya daɗe, gwangwani ai kiɗa ne. Bara mun kaɗa musu, suka ci suna rawa. Tsuntsu da tsuntsu ake korarsa. A ba ni dama in kawo shaho guda ɗaya tak, in hore shi irin yadda na ga Larabawa suna yi. In jan-baki ya sake leƙo gonar wani a garin nan, a canza mini suna."

Iliyasu mahauci, wanda tun suna yara ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba, ya gyara zama. "Kai da kazar gidanka ma ba ka iya kamawa sai matarka Hure ta tare maka ƙofa? Shahon ma ka san shi?"

"Na san shi? Ai har kakanninsa na sani!" Sammani ya miƙe tsaye. "Ku saurara ku ƙaru. Shaho dangi ne babba. Akwai na dutse, shi ne yayansu, ba ya kwana sai a goshin dutse inda ko akuya ba ta hawa. Akwai mai jan kai, wannan a giginya yake zama, in babu giginya a gari ba ya ko tsayawa gaisuwa. Akwai ɗan autansu, wanda za ka gani ya tsaya cak a iska yana kaɗa fiffike kamar an rataye shi, abincinsa fara da ƙadangare. Sai baƙonsu da ke ƙetaro Sahara da rani, ya yi cin rani ya koma. Kuma duk cikinsu babu mai gina sheƙa. Sarauta ta hana. Ta wani suke samu su shige."

"To shirwa fa?" wani ya tambaya.

"Shirwa agola ce, a gidan ta tashi amma ba ta da gado."

"Gaggafa fa?"

"Kawunsu ne ta wajen uwa."

"Ungulu fa?" in ji Iliyasu.

"Wannan ku ya kamata a tambaya, a mahauta take kwana. Wani abu kuma da ba ku sani ba, a gidan shaho mace ta fi namiji girma da ƙarfi."

"Ashe gidanka ma gidan shaho ne," in ji Iliyasu.

Wuri ya kaure da dariya, irin wadda aka daɗe ba a yi ba. Mai unguwa ya share hawaye da gefen rawani ya ce, "To, Sammani, mai neman mafita ba ya raina ƙofa. Je ka ka kawo shahon. Mu dai za mu ja igiyoyinmu kafin ya iso."

Washegari da hantsi Sammani ya faki idon Hure, ya sunkuci ɗan tsako guda daga cikin na kazarta tilo da yunwa ta bar mata. Ya tafi fili bayan gari, ya ɗaura wa tsakon zare a ƙafa. Da yake hannuwansa biyu na riƙe da kwandon da zai kifa wa shaho, sai ya soke ɗaya bakin zaren a jikin hularsa, wai don ya ji motsi tun daga ka. Ya laɓe a bayan sabara yana ƙifta ido.

Bai daɗe ba inuwa ta gifta. Kafin ya ɗaga kwando, shirwa ta sure tsakon ta yi sama, zare ya miƙe, hula ta bi. Ranar kuwa kasuwar garin ke ci. Mutane suka ɗaga kai suka ga shirwa a gaba, tsako a tsakiya, hular Sammani a baya tana lilo, shi kuma a ƙasa yana binsu da kwando yana ihu.

"Sammani!" Iliyasu ya ƙwala masa kira daga rumfarsa. "Hularka ta riga ka sauke farali! Agolar gidan ce ta zo karɓar gadonta?"

A gida Hure ta tare shi a bakin zaure, hannu a ƙugu. "Malam, ina tsakona?"

"Ya tafi aikin gayya."

"Hularka fa?"

"Ta raka shi."

"To Allah ya sa kai ma su dawo su ɗauke ka, ku cika uku."

Wannan bai karya masa gwiwa ba. Ya shelanta cewa dama babban shaho ba ya horuwa, tun yana ɗan jariri ake ɗauko shi. A bakin fadamar garin akwai wasu dogayen giginyu, kuma kowa ya san shaho mai jan kai na zama a cikinsu. Sammani ya aro igiyar rijiya, ya rataya tsohon burgami a wuya, ya nufi can. Rabin gari ya biyo shi, don a shekarar babu abin kallo kyauta da ya kai wannan.

Hawan farko ya tafi daidai, har yana waiwayowa yana ɗaga wa mutane hannu. Da ya kai inda cikin giginya ya kumbura, sai ya manne kamar ƙadangaren da ya tuna bai yi sallama da gida ba.

"Ka gaji ne?" aka tambaya daga ƙasa.

"Ina nazarin iska!"

Da ƙyar da nishi ya wuce kumburin ya kai ga ganye. Nan fa masu gida suka gan shi. Ga kai babu hula, ga sanƙo na sheƙi a rana kamar sabuwar tasa. Macen ta fara saukowa, fiu! ta ɗauki rabonta. Namijin ya biyo baya. Sammani ya runtse ido yana salati da ƙarfi.

"Gaishe ka suke yi!" in ji Iliyasu. "Ai ka san kakanninsu, ka faɗa musu sunanka!"

Ido a rufe ya dinga lalube cikin ganye har hannunsa ya faɗa wata sheƙa ta ƙirare. Ya ji abu mai ɗumi, ya damƙo ya cusa a burgami, ya saki jiki. Saukowar ba ta ɗauki lokaci ba. Kumburin giginya ya karɓe wandon, ya bar masa mazagi kawai. Mata suka juya baya suna salati, ban da Inno, tsohuwa mai ƙuli-ƙuli, wadda ta ce ita ta yi masa wanka yana jariri, babu abin da zai ba ta mamaki.

Sammani ya ja riga ya rufe gwiwa, ya rungume burgami. "Kowa ya matsa! Ba a kallon ɗan shaho. Ido ke karya masa zuciya. Sai ranar da zan sake shi."

Rumbunsa dama babu komai a ciki sai saƙar gizo-gizo, don haka ya mai da shi fada. Ya sa ɗan tsuntsun a ciki, wani abu tsirara mai ƙaton baki da tumbi, ya rufe. Mai unguwa ya ce tunda aikin na gari ne, kowa ya taimaka da abin da ya samu. Masu kama fara suka riƙa kawowa. Iliyasu, duk da tsiyarsa, ranar kasuwa in ya yanka 'yar akuyarsa guda, sai ya aiko da guntun hanta da huhu.

"Ikon Allah," in ji Hure tana tsinkar tafasa. "Tsuntsu na cin hanta, matar gida na cin ganye. Malam, ko ni ma in shiga rumbun ne in buɗe baki?"

"Ki yi haƙuri, Hure. Ranar da ya fara aiki, zabi zai riƙa kawo miki har gado."

Gero ya yi ta tashi, tsuntsu ya yi ta girma. Cin sa kuwa ya fi na baƙon da bai san halin gari ba. Wata safiya mutane na wucewa gona, sai suka ji daga rumbun Sammani an ce, "Kaa! Kaa!"

Iliyasu ya ja birki ya leƙo ta kan danga. "Sammani, wannan muryar kamar na san mai ita."

"Ina za ka san ta? Larabci yake yi. Jinin gabas ne."

"Larabcin nan na sha jin sa a kan juji."

"To can ma almajiransa ne suke tilawa."

Da Iliyasu ya wuce, Sammani ya hau ya leƙa rumbun da kyau. Gashi ya fito sosai. Baya baƙi wuluk, fiffike baƙi, ƙirji kuwa fari fat kamar an yi masa wanki da bula. Hure ta leƙo ta kafaɗarsa, ta dafa rumbun don kada dariya ta kayar da ita.

"Malam, wallahi hankaka ne."

"Rufe mini baki! Ba na ce miki shaho a sheƙar wasu yake zama ba?"

"Ai kuwa ka shiga gidan haya ka ɗauko ɗan mai gida. An ce hankaka mai da ɗan wani naka, yau ga wanda ya mai da ɗan hankaka nasa. Ka je ka faɗa wa mai unguwa tun gero bai nuna ba."

Sammani ya sosa tabon sanƙonsa. Ya tuna hantar Iliyasu, ya tuna farar jama'a, ya tuna wandonsa da har yanzu ke kaɗawa a giginya.

"Ƙuruciya ce," in ji shi a ƙarshe. "Haka suke farawa. Jan ne bai fito ba tukuna, sai an taimaka masa. Ina lallenki?"

Ranar da yamma ya kwaɓa lallen Hure kaf, ya shafe ƙirjin tsuntsun da wuyansa. Tsuntsun ya sassare shi a yatsu, ya yi masa kashi a hannun riga. Da lallen ya kama, ƙirji ya yi ja kamar tafin amarya, hannuwan Sammani ma haka. Sai ya koma yawo hannu a aljihu, ko gaisawa aka zo yi sai ya ce yana da alwalar shaho. Ya yanki gefen zanen Hure ya ɗinka wa tsuntsun hula mai rufe ido, da wata 'yar riga har ƙafa.

Gero ya fitar da kai, ya yi ido, irin kyan da aka yi shekaru ba a gani ba. Sai ga jan-baki sun fara isowa, da farko tsilli-tsilli, daga baya kamar hadari. Gari duka ya koma gona, ana jan igiya, gwangwanaye na ƙara, murya na dushewa. Mai unguwa ya aika a kira Sammani.

"Ina shahon? Ya ci hantarmu, lokacin aiki ya yi."

"A shirye yake, ranka ya daɗe. Sai dai sharaɗi guda. Ba ya son hayaniya. A kwance igiyoyin nan duka, a tara gwangwanayen waje guda, kowa ya yi tsit."

Mutane suka fara gunaguni. Inno ta ce ita ba za ta kwance nata ba ko shahon na Annabi Sulaimanu ne. Mai unguwa ya yi ta jan gemu, can ya ce, "Safiya guda ce. Mu gani."

Da gari ya waye aka kwance igiyoyi, aka tara su tuli guda a kan iyakar gonar mai unguwa. Maza da mata suka yi layi a bakin hanya. Inno ta ajiye farantin ƙuli-ƙulinta, ta ce ko ba komai taro ya samu. Sai ga Sammani ya taho da aron babbar riga, ya naɗe hannu da tsohuwar fata, tsuntsu a kai cikin hula da riga, yana tafe yana yi masa kirari.

"Na giginya, ɗan mai jan kai! Ƙanen na dutse, ɗan 'yar'uwar gaggafa! Sama taka, ƙasa ta talakawa!"

Daga gabas jan-baki suka taso, suka rufe rana. Da suka ji shiru, babu gwangwani babu ihu, sai suka zubo cikin geron gaba ɗaya, har kana jin ƙarar bakinsu kamar yayyafi a kan kwano. 

"Sake shi mana!" in ji mai unguwa.

Sammani ya zare rigar, ya fizge hular, ya ɗaga hannu sama.

Kowa ya zuba ido. Tsuntsun ya ƙifta ido, ya karkata kai ya dubi jama'a, ya ce, "Kaa."

"La ilaha illallahu," in ji Inno. "Hankaka ne aka yi wa ƙunshi!"

"Wa zai aura?" in ji Iliyasu. "Sammani, hantata ce sadakin?"

"Ku dai ku zuba ido!" Sammani ya wurga shi sama da ƙarfi. Tsuntsun da bai taɓa ganin abin da ya fi rumbu faɗi ba, ga ƙiba, ya kaɗa fiffike sau biyu ya faɗo tim. Ya miƙe ya kakkaɓe jiki, ya taka a hankali kamar attajirin da ya fito daga mota, ya nufi farantin Inno, ya ɗauki ƙuli-ƙuli mafi girma. Inno ta kai masa mafici. Ya yi tsalle ya haye kan Sammani, ya kafa farce a sanƙo, ya buɗe baki yana kururuwa a ba shi abinci.

Kururuwar ta kai fadama. Hankakin garin suka ji ɗan'uwansu na kuka a kan mutum, suka taso ƙwansu da kwarkwatarsu. Wannan ya kai sara, wancan ya kai yaguwa. Sammani ya tattare babbar riga ya zura da gudu, bai ga gabansa ba, ya afka cikin tulin igiyoyin nan. Ya tashi, igiya ta naɗe masa ƙafa da wuya da hannun riga. Ya sake zurawa, gwangwanayen gari duka suka bi shi.

Ba a taɓa jin ƙara irin ta ranar ba a Kukar Mani. Sammani ya ratsa gonar mai unguwa, ƙwaram-ƙwaram-ƙwaram, ya faɗa ta Iliyasu, ya ɓullo ta Inno, yana ihu yana kiran Hure da sunanta a gaban mutane, hankaki na binsa a sama, karnuka sun shigo sahu a ƙasa. Duk gonar da ya shiga sai jan-baki su tashi a firgice. Kafin ya kai ƙarshen gonakin, ko ɗaya bai rage ba, sun yi arewa kamar an kore su da wuta. Shi kuwa ya ƙare a cikin kududdufin bakin fadama, ƙafafu a sama.

Aka jawo shi da igiyar da ke jikinsa, mutane na dariya har wasu na zama a ƙasa. Aka duba gonaki. An yi ɓarna, musamman a ta mai unguwa, amma mafi yawan geron na nan tsaye.

Mai unguwa ya dubi Sammani, taɓo har gira, hannuwa jajaye da lalle, hankaka ya dawo ya sauka a kafaɗarsa.

"Sammani, ka ce a ba ka dama ka kawo mana abin da zai kori tsuntsu."

"Ranka ya daɗe, a gaskiya iskar yau ce ba ta..."

"Ka kawo. Mun gani da idonmu. Kada wanda ya kwance masa igiyar nan. Daga yau har a yanke gero, kullum da sassafe za ka ɗaura ta ka zaga gonakin nan da gudu, da la'asar ka sake."

Haka kuwa aka yi. Tun daga ranar har kaka, mutanen ƙauyukan kusa in suka ji ƙwaram-ƙwaram daga nesa sai su ce shahon Kukar Mani ya tashi. Sammani ya rame ya zama kamar kara, hankakansa na binsa a baya da ƙafa yana ƙara ƙiba. Geron kuwa ya shiga rumbu, ba mai yawa ba, amma babu wanda ya ɗaure tabarma ya bi hanyar birni a shekarar.

Ranar da aka gama ɗaurin dami, kowane gida ya ware 'yan zangarniya aka kai gidan Sammani, aka ce abincin shaho ne. Hure ta daka, ta tuƙa tuwon gero na farko a gidan tun shekarar da fari ya fara. Ta zuba masa malmala biyu, ta ajiye a gabansa. Sammani ya wanke hannu, ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

"Hure, kin san kuwa kura ma tana horuwa? In aka samu 'yar ƙarama, ɓarayin awaki..."

Hure ta miƙa hannu ta janye kwanon.

"Tana horuwa?"

Sammani ya dubi tuwon, ya dubi Hure, ya sake duban tuwon yana tururi.

"Ba ta horuwa," in ji shi. "Wallahi ko kaɗan ba ta horuwa. Miƙo miyar."